Bob Hayes: Ɗan tseren da ya tilasta sake tsarin tsaro a ƙwallon Amurka

A tarihin wasanni, mutum ɗaya tak ne ya taɓa haɗa lambar zinare ta gasar Olamfik da zoben Super Bowl, wato kambin da ake bai wa zakarun ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka. Sunansa Robert Lee Hayes, wanda duniya ta fi sani da Bob Hayes, masu kallo kuma suka laƙaba masa Bullet Bob, ma'ana Bob Harsashi. A 1964 babu wanda ya kai shi gudu a doron ƙasa. Shekara guda bayan haka ya shiga ƙungiyar Dallas Cowboys, inda gudun nasa ya sa masu horar da 'yan wasa suka koma suna sake tunanin yadda ake tsare gida. Duk da haka, sai da ya shekara kusan bakwai a kabari kafin a buɗe masa ƙofar Zauren Gwarzayen wasan.

An haife shi ranar 20 ga Disamba, 1942, a birnin Jacksonville na Jihar Fulorida, a kudancin Amurka. A wancan zamani dokar wariyar launin fata ce ke tsara rayuwar yankin tun daga haihuwa har zuwa makabarta. Baƙar fata da makarantarsa, da unguwarsa, da wurin zamansa a motar haya, har da gasar wasanninsa. Hayes ya yi sakandare a makarantar Matthew Gilbert, ta yaran baƙar fata zalla, kuma yana cikin ƙungiyar ƙwallonta da ta lashe kofin jihar a 1958. Kofin makarantun baƙar fata ne kawai, domin ba a yarda su kara da na Turawa ba. A wannan ƙungiya ma ba ya cikin 'yan sahun gaba, ɗan jiran ko-ta-kwana ne.

Daga nan ya wuce Jami'ar Florida A&M da ke Tallahassee, ɗaya daga cikin jami'o'in da aka kafa domin baƙaƙen fata a lokacin da sauran suka rufe masu ƙofa. Ƙwallo ce ta kai shi can, kuma ya faɗa hannun Jake Gaither, shahararren mai horarwa da ya jagoranci ƙungiyar jami'ar daga 1945 zuwa 1969, ya ci wasa fiye da 200. Gaither ya ajiye shi a baya, cikin masu karɓar ƙwallo hannu da hannu su kutsa da ita tsakiyar abokan karawa. A wannan matsayi Hayes ya koyi shan duka, da kauce wa mai tare hanya, da riƙe ƙwallo ko da mutum uku sun danne shi. Wannan tarbiyya ce daga baya ta bambanta shi da sauran 'yan tseren da suka gwada sa'arsu a wasan.

Tsere kuwa tamkar aikin rani ya ɗauke shi, abin yi idan kakar ƙwallo ta wuce. Ga masana harkar, gudunsa ba shi da kyan gani. Mutum ne mai faɗin ƙirji da kaurin cinya, yatsun ƙafarsa na karkata ciki, kafaɗunsa na jujjuyawa, yana dukan ƙasa kamar mai jin haushinta. Sai dai agogo ba ya duba kyan tafiya. A 1963, a birnin St. Louis, ya gudu yadi 100 cikin daƙiƙa 9.1, bajintar da ba a taɓa rubuta wa kowa ba kafin shi. Yadin nan dai shi ne wanda tela ke auna ƙyalle da shi, ya ɗan gaza mita ɗaya, kuma da shi Amurkawa ke auna filin tsere da na ƙwallo.

Tokiyo, 1964

Gasar Olamfik ta birnin Tokiyo a Jafan ta zo ne watanni uku bayan Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan dokar da ta haramta wariyar launin fata a wuraren jama'a. A gasar ce kuma Najeriya ta fara samun lamba a tarihinta, tagullar da ɗan dambe Nojim Maiyegun ya ciyo. Hayes ya isa can yana ɗan shekara 21.

A zagayen kusa da na ƙarshe na tseren mita 100 agogo ya nuna 9.91, amma ba a ƙidaya shi cikin tarihi ba saboda iskar da ke tura 'yan tseren ta haura ƙa'ida. Ranar 15 ga Oktoba aka yi na ƙarshe, kuma komai ya zo masa a karkace. Ƙuri'a ta ba shi layi na ɗaya, wanda ke can ciki. A lokacin ba a fara shimfiɗa roba a filin tsere na Olamfik ba, dakakken ƙasa ne da toka, kuma masu gasar tafiyar kilomita 20 sun riga sun tattake wannan layi sun bar shi da ramuka. Ga shi kuma ya iso fili ya tarar ƙafa ɗaya ta takalmin gudunsa ta yi saura a masauki, dole ya ari na Tom Farrell, ɗan ƙasarsu mai tseren mita 800.

Da takalmin aro, a kan layin da ya fi kowanne lalacewa, Hayes ya gama cikin daƙiƙa 10.0 a agogon hannu, 10.06 a na lantarki, ya yi kankankan da tarihin duniya. Enrique Figuerola na Kyuba ya zo na biyu, Harry Jerome na Kanada na uku, shi da yake cikin masu riƙe da wancan tarihi. Tazarar da ya ba su ta kai kimanin mita biyu. A tseren da galibi ake rabuwa da tsinin ƙirji, wannan rata ce mai yawa.

Amma abin da tsofaffin masu bin harkar suka fi tunawa shi ne tseren miƙa sanda na mutum huɗu, kowa mita 100, wanda aka yi ranar 21 ga watan. Paul Drayton ne ya fara wa Amurka, ya miƙa wa Gerry Ashworth, shi kuma ya miƙa wa Richard Stebbins. Miƙe-miƙen ba su tafi daidai ba, kuma lokacin da sandar ta shiga hannun Hayes, Amurka ce ta biyar, Faransa na gaba da 'yan mitoci. Cikin mita 100 ɗin da suka rage ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya wuce, ya isa layi da tazarar kimanin mita uku. Ƙungiyar ta kafa sabon tarihin duniya na daƙiƙa 39.0, Folan ta zo ta biyu, Faransa ta uku. Waɗanda suka auna zangonsa shi kaɗai sun saɓa, daga mai cewa 8.5 sai mai cewa 8.9, kuma tun da a guje ya karɓi sandar ba a kwatanta wannan lokaci da na tseren da ake tashi daga tsaye. Ko da wanne aka ɗauka, har yau ana lissafa shi cikin zangon gudu mafi sauri da aka taɓa gani.

Ana ba da labarin cewa kafin tseren, Jocelyn Delecour, mai rufe wa Faransa, ya tsokani Drayton da cewa Amurka ba ta da kowa sai Hayes. Bayan an gama, Drayton ya mayar masa da cewa ai shi ɗin ya wadatar. Wannan ne tseren ƙarshe da Hayes ya yi a matakin duniya. A zamanin, ɗan Olamfik ba ya karɓar ko sisi, wanda kuma ya karɓi albashi a wani wasa ya yi ban kwana da gasar. Ɗan talakawan Jacksonville ya zaɓi inda ake biya.

Wasan da ya shiga

Ga wanda bai saba da ita ba, ƙwallon Amurka ta fi kusa da zari-ruga fiye da tamaular da aka sani. Mutum 11 ne a kowane ɓangare, fili yadi 100 ne, ƙwallon kuma doguwa ce mai tsini biyu. Ɓangaren da ke kai hari yana da dama huɗu ya ci gaba da yadi 10, in ya samu a sabunta masa, in ya kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Babban ci shi ne a shiga da ƙwallo maƙurar filin abokan hamayya, wanda ke kawo maki shida. Akwai majefi, wanda shi ne madugun hari, akwai kuma masu cafewa da ke tsayawa can gefen fili, su ruga gaba da zarar an fara, majefin ya wurga masu ƙwallo ta sama. Aikin da aka ɗauki Hayes ya yi ke nan, aikin da bai taso da shi ba.

Dallas Cowboys ta zaɓe shi tun kafin ya je Tokiyo, a zagaye na bakwai na zaɓen sababbin 'yan wasa na 1964, shi ne na 88 a jeri. Caca ce mai arha, domin sai ya kammala wa'adinsa a jami'a zai zo, kuma babu tabbacin hannunsa zai kai ƙafarsa. A wannan zaɓe ne dai ƙungiyar ta ɗauki Mel Renfro da Roger Staubach, waɗanda dukkansu suka zama gwarzaye. Ƙungiyar kanta jaririya ce, an kafa ta a 1960, kuma har lokacin ba ta taɓa kammala kaka da nasarori fiye da rashin nasara ba a ƙarƙashin mai horarwa Tom Landry.

Masu shakka ba su daɗe suna magana ba. A kakarsa ta farko, 1965, sanye da riga mai lamba 22, Hayes ya cafe ƙwallo 46, ya ci yadi 1,003, ya shiga maƙura sau 12, babu mai cafewa a gasar NFL da ya fi shi. A 1966 ya cafe 64, yadi 1,232, ci 13, ya sake zama na ɗaya. A lokacin wasa 14 kacal ake yi a kaka. Ranar 13 ga Nuwamba na shekarar, a birnin Washinton, shi da majefi Don Meredith suka haɗa yadi 246 a cafewa tara, ciki har da guda mai tsawon yadi 95, kusan daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan. Tarihin yadi 246 ya tsaya a ƙungiyar har 2009, lokacin da Miles Austin ya ɗara shi da yadi huɗu. A 1966 ɗin ne Cowboys ta fara zama ƙungiyar da ake tsoro.

Abin da ya fi alƙaluman nan nauyi shi ne halin da ya jefa masu tsaron gida. Tsarin da aka fi dogara da shi kafin zuwansa shi ne mutum-da-mutum: kowane mai tsaro a ba shi mai cafewa guda, ya bi shi duk inda ya nufa. Tsarin yana aiki ne muddin gudun mai bi da na wanda ake bi ba su yi nisa da juna ba. Da Hayes lissafin ya rushe. In mai tsaro ya matso kusa, taku uku ya wuce shi, sai dai ya bi lambar rigarsa da kallo. In ya ja da baya don gudun abin kunya, Hayes ya tsaya a gabansa ya karɓi gajeriyar jifa, sannan ya juyo da ƙwallo a hannu da fili a buɗe, wanda ya fi muni.

Mafitar da masu horarwa suka koma gare ta ita ce tsaron yanki. Maimakon bin mutum, sai a raba bayan fili gida-gida, kowa ya tsare nasa, a ajiye wasu can nesa suna jira, ta yadda in ya kuɓuce wa na farko zai tarar da na biyu a gabansa. Wasu kuma suka ɗauki dabarar bangazarsa tun a layin farawa don kada ya samu ya miƙe. Sau da yawa ana rubuta cewa saboda Hayes aka ƙirƙiro tsaron yanki. Wannan ya wuce gona da iri, domin an san tsarin kafin ya zo. Abin da ya yi shi ne mayar da dabarar da ake ɗaukowa jefi-jefi ta zama dole ga duk wanda zai kara da Dallas, kuma daga nan ta bazu. Riba ta biyu ta faɗa wa abokan wasansa: duk lokacin da mutum biyu suka bi shi zuwa nesa, tsakiyar fili ta zama wayam ga masu kutsawa da ƙwallo. Ko ranar da bai taɓa ƙwallo ba yana aiki.

Sauran ƙungiyoyi sun ɗauka sirrin a ƙafa kawai yake, suka shiga farautar 'yan tsere. Miami Dolphins ta ɗauki Jim Hines, wanda ya ci zinaren mita 100 a 1968 cikin daƙiƙa 9.95, ƙwallo biyu ya cafe a duk zamansa a wasan. Tommie Smith, zakaran mita 200 na wannan shekara, ya je Cincinnati Bengals ya cafe guda ɗaya. Dukkansu sun iya gudu, amma babu wanda ya yi shekaru a hannun Gaither yana shan karo.

Ranar ƙanƙara

Akwai rana guda da masu sukarsa suka riƙe. Ranar 31 ga Disamba, 1967, Cowboys ta je Green Bay a Jihar Wisconsin wasan ƙarshe na cin kofin NFL. Mako guda kafin nan Hayes ya wargaza Cleveland Browns da cafewa mai yadi 86 a wasan da Dallas ta ci 52 da 14. Amma a Green Bay sanyi ya kai digiri 25 ƙasa da sifili, fili ya daskare ya zama kamar dutse, har usur ɗin alƙalai na manne masu a leɓe. Hayes, ɗan Fulorida mai zafi, ya riƙa cusa hannayensa cikin wando a duk lokacin da ya san ba shi za a jefa wa ba, ya fito da su idan jifa ce. 'Yan Green Bay Packers suka lura, suka riƙa karanta shirin Dallas daga hannayensa. Ƙwallo uku ya cafe a yinin, yadi 16, Packers ta ci 21 da 17 a daƙiƙun ƙarshe.

Kuskure ne na gaske, kuma ya yi tsada. Sai dai wasan ya ƙare ne da tazarar maki huɗu a kan filin da babu mai iya gudu a kansa, kuma ɗora wa mutum ɗaya alhakinsa ya fi kama da neman wanda za a rataya wa laifi.

Bai tsaya nan ba. A 1970 kowace cafewarsa ta kai matsakaicin yadi 26.1, kuma ranar 20 ga Disamba, ranar da ya cika shekara 28, ya shiga maƙura sau huɗu a wasa da Houston Oilers. Dallas ta kai Super Bowl a kakar, ta sha kashi a hannun Baltimore Colts da 16 da 13. Shekara ta zagayo, ranar 16 ga Janairu, 1972, a birnin New Orleans, ta doke Miami Dolphins da 24 da 3, Staubach na jifa. Hayes bai yi wani abin a zo a gani ba a wasan, amma zoben ya shiga yatsarsa.

Daga nan ƙafa ta fara sanyi, matasa irin su Drew Pearson da Golden Richards suka karɓe wurin. A 1975 aka sayar da shi ga San Francisco 49ers, wadda ta sallame shi bayan 'yan wasanni. Ya bar fili da cafewa 371, yadi 7,414, da ci 71 ta hanyar cafewa, matsakaicin yadi 20 a kowace ƙwallo. Ci 71 ɗin ya zauna a matsayin tarihin Cowboys har 2017, lokacin da Dez Bryant ya wuce shi, a zamanin da ake jifa fiye da da nesa ba kusa ba.

Wata goma

Rayuwa bayan wasa ta zo masa da wuya. Giya da ƙwaya suka samu wurin zama. A 1979 ya amsa laifin miƙa miyagun ƙwayoyi ga wani jami'in tsaro da ya ɓad da kama, kotu a Jihar Teksas ta yanke masa ɗaurin shekara biyar, ya yi wata 10 aka sake shi. Ya fito ya tarar kamfanonin da ke hulɗa da shi sun watse, aiki ya yi wuya, kuma ya shiga cibiyar masu fama da shaye-shaye fiye da sau ɗaya. Hukuncin ya faɗo daidai lokacin da sunansa ya kusa fara shiga jerin waɗanda za a duba don Zauren Gwarzaye da ke Canton a Jihar Ohayo. A ƙa'idar zauren, abin da mutum ya yi a fili kawai ake aunawa. Amma 'yan jarida ne ke kaɗa ƙuri'ar, kuma shekara bayan shekara sunansa bai fito ba, alhali ana shigar da waɗanda bai gaza su ba. Magoya bayansa sun yi imanin wata goman nan ne suka rinjayi shekara 11 da ya yi yana wasa, kuma da wuya a ce ba su da hujja.

Bai ɓoye abin da ya faru ba. A 1990 ya fitar da littafin tarihin rayuwarsa, Run, Bullet, Run, inda ya bayyana tashinsa da faɗuwarsa. Ya koma Jacksonville da zama, ya kuma koma Florida A&M ya ƙarasa karatun da Olamfik da ƙwallo suka katse, ya karɓi digirinsa na koyar da 'yan firamare a 1994 yana da shekara 51. Gasar tseren ɗaliban sakandare da ake yi da sunansa duk shekara a birnin ta ci gaba da tara dubban yara.

Ita kanta Cowboys sai a Satumban 2001 ta sa sunansa a Da'irar Girmamawa ta filin wasanta, shekara 26 bayan ya bar ta. Ya halarta, amma jikinsa ya riga ya gaji. Yana fama da sankarar mafitsara da ciwon hanta. Ranar 18 ga Satumba, 2002, ƙodarsa ta daina aiki, ya rasu a Jacksonville yana da shekara 59.

A 2004 kwamitin da ke duba tsofaffin 'yan wasa ya gabatar da sunansa, ya kai zagayen ƙarshe, aka sake kayar da shi. Paul Zimmerman, marubucin mujallar Sports Illustrated, ya ajiye kujerarsa a wannan kwamiti don nuna fushinsa. Sai ranar 31 ga Janairu, 2009, ƙuri'a ta ba shi. A watan Agusta na shekarar aka yi bikin a Canton, inda Roger Staubach ya gabatar da shi, ɗansa Bob Hayes ƙarami kuma ya hau dandali ya yaye ƙyallen da ke lulluɓe da mutum-mutumin mahaifinsa.